An Samu Kuɗin Ado, An Rasa Na Ruwa

Mutum 72 gobarar benen Grenfell ta kashe a yammacin Landan, daren 14 ga Yuni, 2017, kuma 18 daga cikinsu yara ne. Ba bam aka dasa ba, ba jirgi ne ya faɗo ba. Firij ne ya kama da wuta a kicin ɗin wani gida a hawa na huɗu, irin gobarar da 'yan kwana-kwanan Landan suka saba kashewa su naɗe tiyo su koma. An kira su ƙarfe ɗaya saura minti shida na dare, kuma sun zo a kan kari. Amma kafin su gama da kicin ɗin, wutar ta riga ta fita ta taga, ta kama allunan da aka manna wa bangon waje, cikin kusan rabin sa'a ta kai ƙololuwar ginin. Hawa 24, gidaje 129, matakala ɗaya tal. Watan azumi ne, kuma wasu sun tsira ne saboda maƙwabtansu Musulmi ba su kwanta ba suna jiran sahur, suka riƙa bi ƙofa-ƙofa suna bugawa.

A duk faɗin benen nan babu silin ko ɗaya da aka sa wa famfon yayyafa ruwa. Abin da ke ci mini rai ke nan, domin ba rashin kuɗi ba ne. Shekara guda kacal kafin gobarar aka kammala yi wa ginin gyaran da ya lashe kusan fam miliyan 10. An sauya tagogi, an lulluɓe tsohon bangon siminti da allunan alminiyam masu sheƙi waɗanda cikinsu roba ce mai cin wuta. An zaɓe su a maimakon na tutiya da aka fara tsarawa domin a rage kimanin fam 293,000. Bayan mai afkuwa ta afku, ƙungiyar masu sana'ar famfon gobara ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa kimanin fam 200,000 sun isa a sa wa ginin famfo daga ƙasa har sama. Kashi biyu cikin ɗari na kuɗin gyaran ke nan. An samu kuɗin da za a sa bene ya yi kyau a idon mai wucewa, an rasa wanda zai sa mai kwana a ciki ya wayi gari.

Akwai masu cewa ko da an sa famfon, ba zai iya da wutar da ke gudu a bayan bango ba. Wannan gaskiya ne, famfon cikin ɗaki ba ya kashe wutar waje, kuma babban laifin Grenfell na allunan nan ne da waɗanda suka sayar da su suna sane da halinsu. Amma wutar ba a bango ta fara ba, a kicin ta fara. Kuma da ta zagaye ginin, ta tagogi ta riƙa komawa cikin gidaje ɗaya bayan ɗaya, tana cin katifu da labulaye, tana cika matakalar nan guda ɗaya da baƙin hayaƙi. Duk ɗakin da ruwa ya sauka a cikinsa, mintoci ne aka ƙara wa wata uwa da ke laluben hanya da 'ya'yanta a duhu. Wanda ya raina waɗannan mintoci bai san yadda ake mutuwa a gobara ba.

Kuma kada wani ya ce ba a sani ba. A watan Yulin 2009, shekara takwas kafin Grenfell, talabijin ya kama da wuta a benen Lakanal House da ke kudancin Landan, mutum shida suka mutu, uku yara, ɗaya jaririya ce da ba ta yi wata guda a duniya ba. A 2013 alƙaliyar da ta binciki mutuwarsu, Frances Kirkham, ta rubuta wa gwamnati cewa a ƙarfafa wa masu tsofaffin benaye gwiwa su duba sa musu famfon yayyafi. Takardar ta isa teburin minista Eric Pickles. Ba a tilasta wa kowa komai ba. A 2014 wani ministan, Brandon Lewis, ya tsaya gaban majalisa ya ce tallata famfon aikin masu sana'arsa ne, ba na gwamnati ba, kuma tilasta shi na iya ƙara kuɗin gini. A lokacin gwamnatin na da wata ƙa'ida: duk sabuwar dokar da za ta ɗora wa 'yan kasuwa nauyin fam ɗaya, sai an soke tsofaffin da nauyinsu ya kai fam biyu. Dokar kare rai ma a wannan sikeli aka ɗora ta. Da aka kira Pickles gaban kwamitin binciken gobarar Grenfell a 2022, ko adadin mamatan bai riƙe daidai ba, 96 ya ce, sai daga baya ya nemi afuwa. A watan Satumbar 2024 shugaban kwamitin, Martin Moore-Bick, ya fitar da rahoton ƙarshe, ya ce babu mutuwa ɗaya a cikin 72 ɗin da ba za a iya kauce mata ba. Har ranar da ya faɗi haka, ba mutum ɗaya da aka gurfanar gaban kotu a kan rayukan nan.

Hujjar tsada da ta takura wa mazauna, su ma an riga an karya su tun kafin gobarar Grenfell. A 2011 an gwada abin a birnin Sheffield, a wani tsohon bene mai hawa 13 da ake kira Callow Mount. An sa wa gidaje 47 famfo cikin kusan mako huɗu, ba a fitar da kowa daga gidansa ba, kuma kowane gida ya ci kimanin fam 1,150. A yankin Wales kuwa, wata 'yar majalisa mai suna Ann Jones, wadda ta yi shekaru tana karɓar kiran gaggawa a ofishin 'yan kwana-kwana kafin ta shiga siyasa, ta dage har aka yi doka a 2011. Daga 1 ga Janairu, 2016, duk sabon gidan da za a gina a Wales, bene ne ko na ƙasa, dole ne a sa masa famfo. Magina sun yi ta kururuwa, amma ba a daina gini a Wales ba. Ingila kuwa sai da ta binne mutum 72, sannan a 2020 ta sauko da dokarta daga benaye masu tsawon mita 30 zuwa masu mita 11, kuma sababbi kawai.

Abin takaicin, na'urar da ake ta wannan ja-in-ja a kanta ba wata sabuwar fasaha ba ce. Tun 1874 wani mai masana'antar fiyano a Amurka, Henry Parmelee, ya ƙera ta don kare kayansa, Frederick Grinnell ya inganta ta a 1881. An fi ƙarni guda ana sa ta a masaƙu da rumbunan ajiya, domin kamfanonin inshora sun daɗe da gane cewa tana kare dukiya. Auduga da katako sun samu wannan kariya shekaru masu yawa kafin a ga ɗakin kwanan yara ya cancance ta.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Bututu ne ake shimfiɗawa a saman silin, cike da ruwa mai ƙarfi. A kowane ɗaki akwai kai ɗaya ko biyu da ke leƙowa, an toshe bakinsa da wata 'yar siririyar kwalba mai ruwa a ciki. Idan wuta ta tashi, zafi sama yake yi. Da ya kai iyakar da aka yi kwalbar dominta, ruwan cikinta sai ya kumbura ya fasa ta, ruwan bututu ya tsarto ya daki wani ɗan faifai ya watsu ko'ina a ɗakin. Launin kwalbar ne ke nuna iyakarta: ja tana fashewa a maki 68 a ma'aunin Salshiyos, rawaya a 79, koriya a 93. Kan famfon ba ya bukatar lantarki, ba ya jiran wani ya farka ya danna, ba ya jiran a kira waya.

Finafinan Amurka sun cusa wa mutane ƙarya a nan. Za ka ga an kunna ashana ɗaya, duk silin ɗin gini ya ɓarke da ruwa. A gidan zama ba haka abin yake ba. Kowane kai zaman kansa yake yi, wanda zafi ya kai gare shi ne kaɗai ke buɗewa, kuma a mafi yawan gobarar gida kai ɗaya ko biyu ke gama aikin. Hayaƙi ba ya buɗe shi. Turaren wutar amarya ba ya buɗe shi, ƙaurin tuwo ba ya buɗe shi. Masu tsoron ruwa zai ɓata musu kujeru kuma su sani: kai ɗaya na zubo lita 50 zuwa 100 ne a minti, tun wutar tana ƙarama. Tiyon motar kwana-kwana na feso ɗaruruwan lita a minti, a kan gidan da ya riga ya zama toka.

Dalilin da ya sa maganar ta fi zafi a yau shi ne gidajenmu sun sauya, wuta ma ta sauya da su. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka sun nuna cewa a shekarun 1970 mutum na da kimanin minti 17 ya fice daga gidan da ya kama da wuta. A gidan zamani abin ya dawo kimanin minti uku. Katako da auduga sun tafi, soso da roba sun maye gurbinsu, a kujera, a katifa, a labule, a kafet. Soso idan ya kama yana fitar da hayaƙi mai guba, kuma hayaƙin ne ke kashe mafi yawan mutane tun harshen wuta bai taɓa su ba. Babu rundunar kwana-kwana a duniya da za ta karɓi kira, ta tayar da mota, ta iso ƙofar gida ta ja tiyo cikin minti uku. Ruwan da zai yi amfani a wannan ɗan taƙi shi ne wanda ya riga ya kwana a ɗakin.

Alƙaluma ma sun yi magana. Gundumar Prince George's a jihar Maryland ta tilasta famfo a sababbin gidaje tun 1992. Da aka duba shekara 15 da suka biyo baya, mutum 101 suka mutu a gobarar gidajen da ba su da shi, a gidajen da ke da shi kuwa ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ƙungiyar NFPA mai tsara ƙa'idojin kariya daga gobara a Amurka ta sha nuna cewa inda akwai famfo, yawan mutuwa a gobara na raguwa da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Duk da haka, da aka shigar da shi cikin kundin ƙa'idojin ginin gidaje na Amurka na 2009, ƙungiyoyin magina suka bazama majalisun jihohi da kuɗi da lauyoyi. California da Maryland suka tsaya kai da fata suka aiwatar, mafi yawan sauran suka cire sashen, wasu kamar Texas har suka hana birane kafa sabuwar dokar tilasta shi da kansu. Mai gini ya sayar ya tafi, ba shi zai kwana a gidan ba. Wannan shi ne asalin rigimar a ko'ina.

To mu fa? Duk wanda ya zaga Abuja, ko sababbin unguwannin Kano da Kaduna, ya ga yadda benaye ke tsirowa: gidajen haya masu hawa uku da huɗu, rukunin gidaje masu ƙofa ɗaya, otal-otal, ɗakunan kwanan ɗalibai. Mun kwaso duk abin da ya mayar da minti 17 zuwa uku, mun kuma ƙara da namu. Silin na roba da ke narkewa yana ɗiga a kan mai gudu. Wayoyin wuta na jabu a cikin bango. Lantarkin da ake ɗaukewa a dawo da shi da ƙarfi cikin dare a tarar da hita ko dutsen guga a kunne. Tukunyar gas a kicin, jarkar fetur a bayan ƙofa, baturan sola a lungu. Sannan kowace taga an walde ta da ƙarfe don tsoron ɓarawo, ƙofar ƙarfe da sakata biyu da kwaɗo. Da iskar hunturu ta kaɗa, sai a fara jin labarin a rediyo: uwa da 'ya'yanta, maƙwabta na jin ihunsu, ana dukan ƙarfen taga da tabarya har murya ta ɗauke. Motar kwana-kwana ta zo ta kasa shiga lungu, ko ruwanta ya ƙare ta tafi neman wani. A ƙarshen 2015 ɗalibai mata bakwai suka rasu a gobarar ɗakin kwana a makarantar 'yan mata ta Jogana a jihar Kano. An yi ta'aziyya, an yi addu'a, aka wuce.

Ba da talakan da ke fama da kuɗin langa-langa nake ba. Shi abin da nake roƙonsa guda biyu ne, kuma ba su fi ƙarfinsa ba: 'yar na'urar nan mai batir da ke ƙara idan ta ji hayaƙi, da taga ɗaya a kowane ɗakin kwana wadda ƙarfenta ke buɗewa daga ciki. Fushina na kan mai zuba miliyoyi a tayil ɗin Sifen, da fitilun silin masu canza launi, da ƙofar da aka yo oda daga Turkiyya, wanda idan injiniya ya kawo masa maganar famfon gobara sai ya ce a cire, ɓarnar kuɗi ce. A ƙasashen da aka saba da aikin, idan an sa shi tun ana gini, abin da yake ci bai cika wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na kuɗin ginin ba. A nan zai fi haka da farko, tunda kayan na waje ne kuma ƙwararrun ba su da yawa. Ko ya ninka, bai kai kuɗin katangar da ake ƙawatawa ba.

Za a ce ai ruwan famfon gwamnati ba ya zuwa. Haka ne, amma wane mai bene ne ya dogara da shi? Kowa ya haƙa rijiyar burtsatse, kowa ya ɗora tanki. Ƙa'idar Amurka ta gidajen iyali ba ta nemi wani kogi ba: ruwan da zai ciyar da kai biyu na tsawon minti goma, wato lita dubu da 'yan kai. Tankin roba guda ɗaya ke nan, irin wanda ke bayan kowane gida. Sharaɗin shi ne a ware shi don wannan aiki kaɗai, kada ranar da ruwa ya yanke a jona shi a yi wanki. Bene mai gidaje da yawa zai buƙaci fiye da haka, kuma lissafin na injiniya ne. Tsayin tanki shi kaɗai ba kasafai yake ba da ƙarfin da ake so ba, musamman a hawan sama, don haka sai an haɗa da injin tura ruwa mai tashi da kansa. Shi kuma injin dole a ba shi layinsa daban da batir ko sola, domin a nan ba a gina tsaron rai a kan wutar NEPA.

Akwai abin da ya zo mana da sauƙi, akwai wanda sai mun kula. Turawa na kashe kuɗi wajen hana ruwa daskarewa a bututu lokacin sanyi, mu ba mu da wannan matsala. Tamu ta zafi ce. Jar kwalbar nan an yi ta ne don silin da zafinsa na yau da kullum bai wuce maki 38 ba, alhali a Sakkwato ko Maiduguri watan Afrilu na haura 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. A irin wannan wuri mai rawaya ko koriya ake sawa. Shi ya sa aikin ba na kowane mai gyaran famfo ba ne da zai ce a bar masa ya san hannu. Kaurin bututu, tazarar kawuna, nisansu da fanka da bango, duk da lissafi ake yin su. Kuma lokacin yi shi ne kafin a rufe silin. Bayan an yi fenti an tare, aikin na yiwuwa, Callow Mount shaida ne, amma kuɗin ya ƙaru.

Bayan an sa, sai a bar shi ya yi aikinsa. Kada mai fenti ya shafe kan famfon, kada a rataya masa kaya. Wanda ke ganin zai ɓata masa ado, akwai irin da ke ɓuya a cikin silin, ɗan faranti kawai ake gani, wanda ke faɗuwa da kansa idan zafi ya taso. Sai kuma makunnin da ke kan babban bututu. Binciken NFPA ya nuna cewa a lokutan da famfo ya ƙi aiki, fiye da rabinsu dalili ɗaya ne: wani ya rufe ruwan ya manta. Na san halinmu da gyara, na san tukwanen kashe wuta nawa ne ke rataye a ofisoshinmu da suka shekara goma ba a duba su ba. Famfon da aka rufe wa ruwa ya fi rashinsa muni, domin mutane na kwana da tunanin suna da kariya.

Maganar da ta fi ɓata mini rai ita ce wadda ake rufe kowace gobara da ita: ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, kuma ba na jayayya da mai makoki da ke neman haƙuri a cikinta. Amma idan ta fito daga bakin mai gidan haya ko jami'in da ya sa hannu a takardar gini, wannan fakewa ce da addini. Ya tabbata a hadisi cewa da wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi mutane cewa wuta abokiyar gaba ce, ya umarce su da kashe ta kafin barci. Bai ce a naɗe hannu ba. Mutumin da ya sa kyamara da wayar lantarki a katanga don tsare motarsa bai bar motar ga ƙaddara ba. Rayukan 'yan hayarsa ne kawai ya bar mata.

Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, kuma kowa ya ga yadda ake gini kamar babu shi. Ba na neman a kafa wani kwamiti. Hukumar kula da gine-gine ta Abuja, da KNUPDA a Kano, da takwarorinsu a sauran jihohi, su ne ke ba da izinin gini, kuma a nan ne kaɗai mai kuɗi ke sauraro. Su fara da inda mutane da yawa ke kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya ba tare da su suka zaɓi yadda aka gina shi ba: ɗakunan kwanan ɗalibai, asibitoci, gidajen marayu, otal-otal, da duk benen haya da ya haura hawa biyu. Zanen da aka kawo babu bututun famfo da tanki da injinsa, a mayar wa mai shi. Kafin a tare, jami'in kwana-kwana ya zo ya buɗe bututun gwaji ya ga ruwa na fita da idonsa, kuma ya dawo duk shekara. A rubuta sunan jami'in da ya sa hannu da ranar da ya sa, a liƙa a bakin matakala inda kowane ɗan haya zai gani, domin idan wuta ta tashi aka tarar bututun a bushe, a san mutum biyun da za su tsaya gaban alƙali: shi da mai ginin.